Wai da gaske ne duk mata maza kashi 20 kawai suke so?

Sadiq_Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah akwai abinda yake ta cin raina kwanan nan, nace bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu wanda ya san harkar ƙididdiga ya warware min. Akwai wasu bidiyoyi da suke ta yawo a TikTok da Facebook, samari ne ke yinsu, wasu da turanci wasu kuma har sun fara juyawa da Hausa, suna cewa wai bincike ya tabbatar mata suna ganin kashi 80 cikin 100 na maza munana ne, wai duk 'yan matan duniya kashi 20 ɗin sama kawai suke bi, dogo mai haske mai faɗin ƙirji, sauran maza kuwa sai dai in mace ta rasa yadda zata yi ta haƙura da kai saboda aljihunka ko dan shekaru sun fara ja mata. Har wani jadawali suke nunawa mai layuka biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata, suce ga hujja nan lissafi baya ƙarya.

Abinda yasa abin ya dame ni akwai abokina tela ne, tun muna yara muke tare, yaro mai sallah mai neman na kansa, ƙannensa biyu shi yake biya musu kuɗin makaranta, amma gajere ne kuma baƙi. Yarinyar da yake nema ta juya masa baya bayan sallah babba, shikenan tun daga nan ya zauna yana kallon irin bidiyoyin nan dare da rana, yanzu ko zance baya zuwa, in ka yi masa maganar aure sai yace kai dai bari, ai masana sun gama lissafi irinmu bama cikin layi. Wallahi na rasa da me zan ba shi amsa tunda shi lambobi yake kawo min ni kuma baki kawai gare ni.

To tambayata, binciken nan akwai shi da gaske ko haɗa shi aka yi? In akwai su waye suka yi kuma a kan su wa? Kuma ya shafe mu nan ko na can ne kawai?

Malam_Lissafi

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Jadawalin nan na san shi sarai kuma ba haɗa shi aka yi ba, sai dai rabinsa suke nuna muku, ɗaya rabin da suke yankewa kuma shine yake rusa maganar tasu gaba ɗaya.

Asalinsa daga wani shafin haɗa masoya ne na Amurka mai suna OkCupid. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, Christian Rudder, lissafi ya karanta a Harvard, to shine a 2009 ya ɗebo bayanan masu amfani da shafin ya baje su. Lokacin tsarinsu shine za a nuna maka hoton mutum ka ba shi maki, 5 ne ƙarshe. Da aka tara makin da maza suka ba mata sai layin ya yi tudu a tsakiya ya sauka ta gefe biyu daidai wa daida, wato yawancin mata an sa su a tsaka-tsaki, kaɗan a can sama kaɗan a can ƙasa, yadda duk mai ƙididdiga zai yi tsammani. Da aka tara wanda mata suka ba maza kuwa sai tudun ya karkata can gefen ƙasa, wajen kashi 80 na maza sun faɗo ƙasa da tsakiya. To nan 'yan bidiyo suke tsayawa su kashe kyamara.

Amma akwai layi na biyu akan jadawalin, layin saƙonni, wato bayan an gama bada maki wa aka tura wa saƙo a aikace. Maza da suka yi adalci wajen maki, da aka zo tura saƙo biyu cikin kowane saƙo uku nasu ya tafi ne wajen kashi ɗaya cikin uku na matan da suka fi samun maki, duk sun yi cincirindo a ƙofar 'yan mata ƙalilan. Mata kuwa da suka yi rowar maki, layin saƙonsu kaɗan ya ɗara layin makin, ma'ana mazan nan da suka ce musu ba yabo ba fallasa ko ma ƙasa da haka, su ɗin dai suke tura wa saƙo. Ka ga kenan in ma za a zargi wani ɓangare da bin kyau ido rufe a wannan binciken to mu maza ne. Sannan ka lura, cewa mata sun sa kashi 80 na maza ƙasa da tsakiya magana ce daban, cewa duk mata suna bin kashi 20 na maza wata magana ce daban, ta farkon tana cikin jadawalin ta biyun kuma babu ita ko kaɗan, liƙa ta aka yi daga baya saboda lambobin sun yi daɗin faɗa.

Akwai wanda ya fi wannan ƙarfi ma. A 2018 Elizabeth Bruch da Mark Newman na jami'ar Michigan sun bi saƙonnin mutum kusan 200,000 na wata guda a birane huɗu, New York, Boston, Chicago da Seattle. Su basu tambayi kowa maki ba, sun auna farin jinin mutum ne da yawan saƙon da yake samu da kuma farin jinin su masu turo masa, irin dabarar da Google yake jera shafuka da ita. Abinda suka samu maza da mata duka kowa yana miƙa hannu sama ne, a matsakaici kowa yana neman wanda ya fi shi farin jini da wajen kashi 25. Kuma cincirindon gaskiya ne, akwai wata mai shekara 30 a New York da ta samu saƙo 1,504 a watan nan kaɗai, ka raba ka gani kusan duk rabin awa saƙo ɗaya dare da rana. Wace mace ce zata iya amsa wannan? To duk wanda bata amsa ba zai koma gida yace mata basa sonsa, alhali layi ya shiga wanda mutum dubu suke ciki.

Shi kuma Tinder, manhajar haɗa masoya ta waya, da ya fito a 2012 tsarinsa ma yana ƙara rura abin, wasu masu bincike a Landan a 2016 sun buɗe asusun gwaji, na maza ƙasa da kashi 1 na waɗanda suka nuna wa so ne suka mayar musu, na mata kuwa wajen kashi 10. Namiji ya ga baya samu sai ya riƙa danna kowa, mace ta ga duk wanda ta danna ya riga ya danna ta sai ta ƙara tsananta zaɓe, shi kuma ya ƙara dannawa, haka abin yake ta juyawa. Wannan halin manhaja ne ya haifar da shi.

Na ƙarshe kuma wanda nake ta nanata wa ɗalibaina, kafin ka yarda da kowace lamba ka tambaya su waye aka ƙirga. Nan baƙi ne da basu taɓa ganin juna ba, suna kallon hoto na 'yan daƙiƙu, a Amurka da Ingila, kuma waɗanda suka zaɓi shiga shafin da kansu. Kamar kaje tashar mota ka yi tambaya ne ka dawo kace duk mutanen gari matafiya ne.

Ummu_Hanan

Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ka faɗi abinda mu mata muke ta faɗa ba a ji. Ni dai ban karanta lissafi ba amma gwaggona mai dalilin aure ce shekara da shekaru, a gidanta na tashi, da can hotuna ne a cikin ambulan yanzu kuma duk a waya suke, kuma abinda Malam yace game da maza na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Mutum zai zo ya zauna a tabarma a zaure, ya fara da cewa shi dai Hajiya mai addini yake so mai tarbiyya wadda zata riƙe masa yara, gwaggo ta miƙa masa waya, sai ka ga babban yatsansa yana ta wucewa fit fit fit, mai haddar nan ya wuce ta, malamar asibitin nan ya wuce ta, ko bayanin da aka rubuta a ƙasan hoto baya tsayawa karantawa, sai ya zo kan wata fara mai dogon hanci yatsan ya tsaya cak, yace Hajiya wannan fa a ina take. Kuma wadda ya tsaya a kanta ita ce wadda na jiya ya tsaya a kanta da na shekaranjiya. Gwaggo har cire hoton irin waɗannan take yi ta ajiye gefe dan a samu a kalli sauran.

Matan kuma in an nuna musu hoton namiji gaskiya ba kasafai zaka ji sun yaba ba, sai dai a taɓe baki ace to ba laifi, amma tambayar da take biyo baya ita ce me yake yi, yana da mata, me ya raba shi da ta farko, uwarsa tana gidan ne, yana da faɗa? Kuma sai ka ga wadda ta taɓe bakin nan ta yarda ya zo su gaisa. Ni ina ganin rowar makin nan ma harda kunya a ciki da kuma yadda maza basu iya ɗaukar hoto ba, mace zata yi kwalliya ta nemi haske ta ɗauka ta goge ta sake sannan ta sa filta, namiji kuwa hoton katin ɗan ƙasa zai turo ko wanda aka ɗauke shi a wajen ɗaurin aure rana ta dake shi yana yamutsa fuska.

Abinda yake ƙona min rai kuma ƙanina Sadiq, ana ta maganar samari sun karaya, to su 'yan matan da ake wuce hotonsu fa? Su ne fa suke komawa shafe-shafen man bilicin har fatarsu ta ƙone, saboda sun ga inda yatsan yake tsayawa. Abokinka baƙi ne yana jin an ƙi shi, akwai baƙaƙen 'yan mata da yawa masu hankali da suke jin haka su ma, kuma ka tambaye shi tsakani da Allah ita wadda ta juya masa baya wace iri ce, kuma mata nawa shi ya wuce kafin ya tsaya a kanta.

Ɗan_Damagaram

Salamu alaikum. Malam na yarda da kai akan jadawalin amma ina tsoron kar mu lallashi yaron nan da abinda ba haka yake ba, gobe ya fita ya ga saɓanin haka ya daina yarda da mu gaba ɗaya. Kyau yana da tasiri babba, wajen maza da wajen mata duka. Tun 1966 aka gwada wannan a jami'ar Minnesota, Elaine Hatfield da abokan aikinta suka shirya wa sabbin ɗalibai 752 taron rawa, aka ce musu kwamfuta ce zata haɗa kowa da wanda ya dace da shi alhali haɗawa kawai aka yi ba zaɓe, sai dai an kula namiji ya fi macen tsawo. An auna basirarsu da halayensu da sakamakon karatunsu, a ɓoye kuma wasu suka ba kowa makin kyau. Da aka tambaye su ko suna son wanda aka haɗa su da shi kuma ko zasu so sake haɗuwa, abu ɗaya ne ya yi aiki, kyau, kuma har a wajen matan.

Mu nan Nijar ma ai muna gani, Gerewol na Wodaabe da ake yi ƙarshen damina wajajen Ingal, samari ne ke shafa fuska su yi layi suna gwalo ido suna nuna farin haƙori da tsawo, 'yan mata ne ke zaɓe. To wa zai ce mace bata kallon kyan namiji.

Addini ma bai ɓoye ba, hadisin da ya ce ana auren mace dan abu huɗu ya ambaci kyau a ciki tare da dukiya da nasaba da addini, sannan aka ce ka rabauta da ma'abociyar addini, kuma Annabi SAW ya umarci Mugira bin Shu'uba da ya je ya kalli wadda yake son aura. Da kallo baya da amfani da ba a ce a yi ba.

Malam_Lissafi

Ɗan Damagaram maganarka gaskiya ce ban musa ko ɗaya ba, kuma binciken Minnesota ɗin haka yake. Amma duba abinda aka auna, dare ɗaya ne, baƙi biyu cikin kiɗa da hayaniya, a tsakiyar taron ma aka raba musu takardar tambayoyi. A irin wannan yanayin banda fuska me ka sani game da mutum? Duk binciken da aka yi akan kallon farko kyau ne yake cinyewa, wannan ba gardama. Tambayar da ta shafi abokin Sadiq ita ce me yake faruwa in aka wuce kallon farkon.

Su OkCupid ɗin da kansu sun gwada. Ranar 15 ga Janairu 2013 sun cire duk hotuna daga shafin na awa 7. Mutane da yawa sun gudu ranar kam, amma waɗanda suka tsaya amsa saƙon farko ya ƙaru da kashi 44, hira ta yi zurfi, an fi saurin musayar lambar waya. Da aka dawo da hotuna ƙarfe 4 na yamma sai hirarrakin nan da yawa suka mutu nan take, wannan ya goyi bayanka. Amma kuma a manhajarsu ta haɗa mutane ba tare da sun ga hoton juna ba, waɗanda suka je suka haɗu ido da ido jin daɗin haɗuwar da suka faɗa kusan bai da alaƙa da kyan wanda suka tarar. Wato abinda muke tace mutane da shi a waya ba shine yake sa mu ji daɗin zama da su ba.

Haka Paul Eastwick da Eli Finkel a 2008 a jami'ar Northwestern, sun tambayi ɗalibai me suke so kafin a haɗa su hirar 'yan mintuna, maza suka fi ambaton kyau mata suka fi ambaton samun kuɗi, amma da aka zauna gaba da gaba bambancin nan ya ɓace kuma abinda mutum ya rubuta yana so bai nuna wanda zai zaɓa ba. Ummu Hanan wannan shine mutumin zauren gwaggonki.

Wanda nafi so Sadiq ya kai wa abokinsa kuma na 2015 ne, Lucy Hunt da su Eastwick ɗin, ma'aurata da masoya 167. Dama an daɗe da sanin cewa miji da mata sukan yi kusa da juna a kyau, tun 1988 Alan Feingold ya tattara bincike da yawa ya samu alaƙar wajen 0.39, a ma'aunin da 0 yake nufin ba alaƙa 1 kuma alaƙa cikakkiya, kaga akwai ta amma da sauran fili mai yawa. To su sai suka tambayi kowane biyu tsawon lokacin da suka san juna kafin soyayya ta shiga. Waɗanda suka fara cikin wata guda da haɗuwa kyansu ya yi daidai da juna sosai, mai kyau da mai kyau. Waɗanda suka daɗe da sanin juna, wata tara zuwa sama, ko suka fara da mutunci kafin soyayya, alaƙar ta yi rauni ƙwarai har ta kusa ɓacewa. Dalilin da suka bayar shine in ka daɗe da mutum ra'ayinka a kansa yana rabuwa da na jama'a, wanda kowa ya ba 2 ke kina iya ganinsa 5 saboda kin ga yadda yake da ƙannensa, kin ji yadda yake magana.

Kuma ko a hoton ma ba a haɗu akan kyau yadda ake zato ba. Binciken Laura Germine na 2015 da aka yi da mutum sama da 35,000 ta intanet ya nuna mutum biyu in ka ɗauko su kusan rabi kawai suke yarda da juna akan fuskoki, sauran rabin ɗanɗanon kowa ne, har tagwaye masu kama ɗaya ma sun saɓa, abinda ya nuna rayuwar da kowa ya yi ce take gina ɗanɗanon fiye da gado.

Maganar ko ya shafe mu, akwai na David Buss na 1989 da ya tambayi mutum sama da 10,000 a al'ummomi 37 kuma Najeriya tana ciki. A kusan ko'ina maza sun fi mata ɗaukar kyau da muhimmanci, mata sun fi ɗaukar abin hannu, amma duka biyun kirki da hankali suka sa a gaba. Shi wannan abinda mutane suka faɗa da baki ne, sai a riƙe shi da wannan sharaɗin.

Sadiq_Gwammaja

Kai jama'a Allah ya biya ku, na kwafe duka zan tura masa yau da daddare. Anti Ummu Hanan tambayarki ta shige ni, yarinyar kam fara ce sol duk unguwa ita ake bi, kuma a Instagram ya fara ganinta ba wanda ya san shi a gidansu. Akwai wata ƙanwar abokinmu da take kawo ɗinki shagonsa tun tana sakandare, kowa ya san tana ganin mutuncinsa, shi ko kallo bata ishe shi ba. Malam tambaya ɗaya ta rage min, su waɗanda kyansu bai zo ɗaya ba ɗin, zaman nasu yana daɗi kuwa ko ɗayan yana ta jin an cuce shi? Dan nasan abinda zai fara ce min kenan.

Malam_Lissafi

Sun duba wannan ma a binciken 2015 ɗin. Sun tambayi kowa gamsuwarsa da zaman, kuma daidaituwar kyau tsakanin su biyun bata nuna komai akan gamsuwar ba, ga maza ga mata, waɗanda suka zo ɗaya a kyau basu fi waɗanda suka bambanta jin daɗi ba. Ka dai gaya masa mutum 167 bibbiyu ne kuma a Amurka, kar shima ya ɗauke shi ya mayar aya yadda ya yi da na farkon. In ya kawo maka wani jadawalin kuma ka ce ya nuna maka duka layukan da shekarar da aka yi da adadin mutanen da aka ƙirga, ka turo nan mu duba tare.